Yadda Mai Tallar Nono Ta Yi Mana Tafinta a Shari'ar Saratu

Ranaku da yawa na aikin nan sun shige mini, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma ranar da muka tsayar da mai tallar nono a gaban alƙali ta yi mana tafinta, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna ganin ƙa'idar farko da ke manne a bangon ofis, kuna tsammanin daga wani littafi aka kwafo ta. To, daga kuskurena aka samo ta, kuma gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku labarin ya ƙara gishiri.

Abin ya faru a farkon shekarun 1990, ina da shekara biyu da fara aiki. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani a Kafanchan, aikinmu kuma tsaya wa naƙasassu a kotu kyauta: makafi, guragu, kurame, duk wanda aka taka don an ga ba zai iya ramawa ba. Lauya ɗaya gare mu, Barista Hannatu, mace marar yawan magana, wadda idan ta cire tabarau ta dube ka sai ka fara tuno laifinka. Ni kuwa, Ayuba, a takarda magatakarda ne, a aikace ni ne mai buga tafireta, mai bin rajistaran kotu a sa mana rana, mai tuƙa babur ɗin ofis, kuma mai surutun ofis ba tare da abokin takara ba. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don na haddace sunayen dokoki biyar ko shida.

Wata safiya shugabar zumuntar mata ta wani coci a ƙauyen da ke bayan Kagoma ta hawo benenmu riƙe da hannun wata mata. Sunanta Saratu, za ta kai shekara arba'in da biyar, kurma ce tun haihuwa, ba ta ji ba ta magana. Mijinta ya rasu shekarar da ta wuce, Allah kuma bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Abin da take ci da shi gona ce guda, ta doya da citta. A al'adar wajen, matar da mijinta ya mutu ta zauna a gidansa ba ta sake aure ba, gonarsa tana hannunta har ƙarshen ranta, sai bayan nan ta koma ga dangi. Sai ga ƙanen mijin, wani Markus, ya fito da takarda bugun tafireta mai ɗauke da dangwalen babban yatsan Saratu, wai ta bar masa gonar da yardar ranta. Har ya sa 'yan ƙwadago sun shiga, ya kore ta da hannu kamar mai korar kaji.

Na ji labarin nan kaf daga bakin shugabar zumunta. Na rubuta shafi uku. Saratu tana zaune a kan benci tana bin bakinmu da kallo, ni kuwa ko sau biyu ban dube ta ba, ina can ina zuba bayanin doka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Barista ta shigar da ƙara a babbar kotun yanki, ta kuma samo umarnin wucin gadi cewa kada kowa ya taɓa gonar sai an gama shari'a. Umarnin ya hana Markus, amma ya hana Saratu ita ma. Ruwan farko ya kusa sauka, in shari'ar ta ja har lokacin shuka ya wuce, ko mun yi nasara ta rasa abincin shekara.

Ga inda muke da ƙarfi. Akwai doka da ke kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta masa takarda sai ya sa sunansa a ƙasa, ya shaida cewa an karanta wa mai dangwalen, an bayyana masa, ya fahimta kafin ya sa yatsa. Takardar Markus tana da wannan layin. Markus ya ce shi ne ya bayyana mata da hannu, kamar yadda suka saba a gida. Abin da zai rushe maganarsa ɗaya ne: Saratu ta ba da shaida da kanta a kan abin da aka nuna mata ranar. Kurma kuwa ba ya ba da shaida sai da tafinta, wanda zai yi rantsuwa a gaban kotu cewa ba zai ƙara ba, ba zai rage ba.

Ni na ɗauki nauyin samo tafinta, kuma na ƙudura sai na samo wanda ba a taɓa ganin irinsa a kotun ba. Na shiga mota har Kaduna, na nemo wani malami da ke koyar da yara kurame, mutumin kirki, mai takardun shaida cike da jaka. Na dawo ina ta cika baki, na ce wa Barista magana ta ƙare. Ta tambaye ni ko zan haɗa shi da Saratu kafin ranar zama. Na ce ba sai an yi haka ba, ai maganar kurame ɗaya ce, kuma malamin ba shi da hutu sai ranar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma kan takardunta.

Ranar zama kotu ta cika, don labari ya bazu cewa yau bebiya za ta yi magana. Malamin ya yi rantsuwa, ya juya wajen Saratu, ya fara da tambayar sunanta. Yatsunsa suka shiga lanƙwashewa suna miƙewa da sauri, harafi bayan harafi, gwanin sha'awa. Ni har ina gyara zama ina duban mutane, su ga aikina. Saratu ta zuba wa hannunsa ido. Ya maimaita. Ta ƙara matsowa, fuskarta cike da tausayi. Sai kawai ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan gwangwanin man zafi, ta kama hannun malamin ta fara murza masa yatsu. Ita a ganinta jijiya ce ta riƙe bawan Allah.

Dariyar da aka yi ranar, sai da ɗan sandan kotu ya yi tsawa sau uku. Malamin bai ɓoye komai ba. Ya gaya wa alƙali cewa abin da yake koyarwa na makaranta ne, matar nan kuwa ba ta taɓa shiga aji ba, nata alamun na gida ne da ta taso da su, shi ba ya gane nata, ita ba ta gane nasa. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, amma ya ce ba zai riƙe gona a rufe har damina ta wuce ba. Ya ba mu mako biyu. In ba mu kawo tafinta ba, zai yanke hukunci da shaidar da ke gabansa, wato takardar Markus.

A hanyar komawa ofis Barista ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kai gindin bene ta ce, "Ayuba, matar nan shekara arba'in da wani abu tana raye. Da wa take hira?"

Kunya ta rufe ni, don ban taɓa tambaya ba.

Washegari na hau babur na nufi ƙauyen. Na zaga maƙwabta da mutanen coci, duk amsarsu ɗaya: suna iya nuna mata zo, tafi, ci abinci, amma hira sosai sai marigayi mijinta. Wanda ya ɗan fi su kuwa Markus ne da iyalinsa, su ne abokan shari'a. Ranar kasuwar Kagoma ce, sai na bi Saratu can, na zauna kan wani dutse kusa da inda ta baza 'yar busasshiyar cittarta, ina tunanin abin da zan gaya wa Barista.

Can sai ga wata Bafulatana, siririya, da ƙwaryar nono a ka. Tun daga nesa ta ɗaga haɓa, Saratu ta tafa hannu. Matar ta sauke ƙwarya, ta durƙusa, sai hannuwa suka tashi. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gira tana aiki, kafaɗa tana aiki, leɓe yana aiki. Wannan ta ja kunne ta nuna gabas, waccan ta kumbura kumatu ta dafa ciki, su duka biyu suka fashe da dariya har da hawaye. Suka yi cinikin citta da man shanu, suka yi musu a kan awo, suka shirya. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, hulata ta faɗi ƙasa ban ɗauka ba. Ina ta cewa a raina ga shi nan, ga shi nan a gabanka, kai kuma ka tafi Kaduna.

Na gaishe ta, na ce, "Goggo, don Allah a ina kika koyi wannan?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta inda ta koyi tafiya. Sunanta Dije. Ta ce tun suna 'yan mata ƙanana, duk rani mahaifinta yakan kafa ruga a gonar mahaifin Saratu, shanu su ci kara su bar taki, kamar yadda aka saba tsakanin makiyaya da manoman wajen. Tare suke zuwa rafi, tare suke itace. Ba wanda ya koya musu, su suka ƙirƙiro abinsu, kowane mutum da kowane abu da alamarsa. Marigayi mijin Saratu yatsa ne a goshi, saboda wani tabo da yake da shi. Markus kuwa shi ne kumatun nan da cikin da na ga suna wa dariya.

Da na ambaci kotu sai fuskarta ta canja, ta fara haɗa kayanta. Ta ce su Fulani ba sa zuwa kotu sai shanu sun yi ɓarna, kuma ba a dawowa da daɗi. Ga shi tun tashin hankalin addini da aka yi a 1987 ba ta sake taka cikin Kafanchan ba, iyakarta kasuwannin ƙauye. Na yi magiya, na jero dokokina shida, na yi alkawarin zuwa da kaina in roƙi mijinta. Ko gezau. Har ta ɗora gammo, sai ta tsaya ta ce wai me ma takardar ta ce ne, don Saratu ta sha tambayarta me ya sa ake ta kai ta gari ana zaunar da ita.

Na faɗa mata. Ta juya ta fara nuna wa Saratu: takarda, yatsa, gona, hannu ya miƙa wa mai kumatu, shi ke nan har abada. Ina kallon fuskar Saratu. Da farko ta girgiza kai tana murmushi, alamar an yi kuskure. Dije ta maimaita. Sai murmushin ya ɗauke. Ta ɗaga babban yatsanta ta ƙura masa ido, ta yi wani irin sauti daga maƙogwaro da ya sa masu ciniki a gefe suka waiwayo. Ta shiga nuni: buhu a ka, watsawa a gona, buhu a ka, watsawa a gona.

Dije ta ce, "Ta ce takin zamani ne. Kowace shekara suna dangwala yatsa a ba su taki. Ya nuna mata buhu, ta dangwala."

Wata biyu muna shari'a da sunan matar nan, na buga takardu sun fi kaurin tafin hannu, ashe ita ba ta san me ake cewa ta yi ba. Ta san Markus ya kore ta, amma ba ta san da yatsanta aka kore ta ba.

Dije ta sauke gammon daga kanta, ta ce, "Malam, wace rana ce kotun?"

Na je rugar sau biyu kafin mijinta ya amince, da sharaɗin in ɗauko ta in mayar da ita da kaina kafin la'asar. Wannan karon ban yi gangancin farko ba. Kwana uku kafin zama na kawo su ofis, Barista ta zauna da su yini guda, tana tambaya, Dije tana nunawa, Saratu tana amsawa, ni ina rubutu bakina a rufe.

Ranar zama mutane har kan taga. Da Barista ta gabatar da Dije, lauyan Markus ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce matar nan ba ta da takardar shaida ko ta firamare, ƙawar mai ƙara ce, kuma ba wanda zai iya gane ko tana faɗin abin da aka nuna mata ko tana shirya nata. Maganarsa tana kan hanya, na sani. Barista ta ce doka ba ta nemi takarda a wajen tafinta ba, ta nemi ya fahimci mai shaida ya kuma rantse, in kotu tana shakka ta gwada ta.

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa, ya ce za a gwada ta. Sannan ya sa ɗan sanda ya fita da Dije har gindin mangwaron da ke can bakin titi, inda ba ta ji ba ta gani. Ya yi wa Saratu alama ta kalle shi. Ya kwance agogon hannunsa, ya sa a cikin hular masinja, ya ɗora wani jan littafi a kai, ya sa masinjan ya kai ƙarƙashin benci na uku ta wajen mata, ya tsaya a gaban bencin ya kare wurin. Aka shigo da Dije. Ni kuwa fayil ɗin da ke hannuna ya jiƙe da gumi.

Saratu ta fara. Ta kama wuyan hannunta, ta taɓa kai, ta shafa leɓe, ta ƙirga uku. Dije tana kallo tana faɗa: agogo, a cikin hular wancan dogon, jan littafi a sama, benci na uku, wajen mata. Masinja ya matsa gefe, ɗan sanda ya sunkuya ya ciro hular ya ɗaga. Sai kotu ta ɗauki sowa. Ni dai na ji ana cewa in zauna, ashe tsalle na yi.

Amma Saratu ba ta gama ba. Tana ta nuna ƙasan teburin alƙali tana kumbura hannu. Dije ta sunkuyar da kai ta ƙi magana. Alƙali ya tuna mata cewa tafinta ba ya ragewa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta ce wai ka cire takalmi a ƙarƙashin tebur, ƙafarka ta hagu ta kumbura. Wai ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, haka ta yi wa mijinta."

Dattijon nan ya yi dariya har ya cire hula ya goge ido. Ya dubi lauyan Markus ya tambaye shi ko akwai sauran ƙorafi. Ya ce babu. Dije ta fita ta yi alwala ta dawo ta rantse da Alƙur'ani. Sannan aka miƙa wa Saratu Littafi Mai Tsarki, Dije ce ta bayyana mata rantsuwar: ta nuna sama, ta nuna ido, ta nuna ƙirji. Saratu ta gyaɗa kai ta rungume littafin. A garin nan, a shekarun nan, na ga manyan mutane a kotun suna share hawaye a ɓoye, ni ma ban tsira ba.

Sauran aikin ya zo da sauƙi. Saratu ta ba da shaidar buhun taki dalla-dalla, har inda take zaune tana ɓarzar masara lokacin da ya zo da tawadar. Lauyan Markus ya juya tambaya ta kowace fuska, amsa ɗaya take fitowa. Markus da aka matsa shi sai cewa yake, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Matan yayana ne, Sa, shi ne ya danna hannu da kanshi, ni ban kama hannunshi ba." Barista ta sa aka kira marubucin takardar, irin masu zama da tafireta a gindin bishiya. Ta tambaye shi ta yaya ya karanta wa kurma takarda. Ya sosa ƙeya, ya ce shi bai taɓa ganin matar ba sai yau, layin nan kuwa a kowace takarda yake buga shi, hannunsa ya saba.

Mako guda bayan haka alƙali ya soke takardar, ya ce gonar tana hannun Saratu har ƙarshen ranta yadda al'ada ta tanada. Ruwa ya riga ya sauka sau biyu, amma matan zumunta suka yi mata gayya, aka shuka citta a kan lokaci. Doyar ce ta ɗan makara.

Ranar da aka yanke hukuncin Barista ta sa na buga layin nan da kuke gani a bango: ba a buɗe fayil sai mai ƙara da kansa ya gaya mana abin da yake so, ta hanyar da yake magana. Abin da na koya ke nan. Mu masu aikin nan mun fi saurin yi wa mutum magana fiye da sauraronsa, kuma mukan tafi nesa neman gwani alhali wanda ya san shi yana zaune kusa da shi a kasuwa. Kafin ku tambayi naƙasasshe me ya same shi, ku tambayi da wa yake hira.

Da kaka ta yi, su biyun suka hawo benenmu da doya biyar da ƙwaryar man shanu. Muna cikin raha na tambayi Dije ko ni ma ina da alama, tunda kowa yana da tasa. Ta yi ta noƙewa, sannan ta nuna mini: yatsu suna buɗewa suna rufewa a bakin mutum, fuska kuma a juye gefe. Mai surutu ba ya kallon mutum. Sunana ke nan tun ranar farko da na cika shafi uku.

Saratu ta ga abin da ake yi, ta kama hannun Dije ta girgiza kai. Ta matso gabana ta yi alamar da kanta. Yatsun suna nan suna buɗewa suna rufewa, surutun dai ta bar mini abina. Amma fuskar ba ta juya ba, idonta yana cikin nawa.